Frontline, Ɗan Dakon Ɗanyen Mai A Teku

Daga ina kamfanin ya samo asali?

Frontline kamfanin jiragen ruwa ne masu dakon mai. A ƙasar Suwidin aka kafa shi a 1985. Ya fara tashe ne bayan 1996, lokacin da attajiri John Fredriksen, haifaffen ƙasar Norway, ya karɓe ragamarsa. A 1997 aka mayar da rajistarsa tsibirin Bermuda, a 2022 kuma Kubrus. Shi Fredriksen a yaƙin Iran da Iraƙi ya yi kuɗi, domin jiragensa sun ci gaba da lodin man Iran a lokacin da ake ruwan makamai a kan jiragen ruwa, wasu kuwa suka ja da baya.

Man da jiragen ke ɗauka na kamfanin ne?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Frontline ɗan dako ne kawai, kamar mai tanka da aka ɗauka haya daga defo zuwa gidan mai. Mai kaya daban: matatun mai ne da manyan dillalai. Ko dai a yi jinga kan tafiya ɗaya, ko a ɗauki jirgin haya na watanni ko shekaru a kan kuɗin da aka yanke na kowace rana.

Yaya girman jiragen yake?

Wanda ake kira VLCC yana kai tsawon mita 330, yana ɗaukar ganga kusan miliyan 2. Suezmax kuma rabin haka yake ɗauka, an sa masa sunan ne don yana iya ratsa mashigin Suez da kayansa. Irinsa ne ke yawan lodi a tashoshin Bonny da Forcados na Najeriya zuwa Turai.

To ta ina riba take fitowa?

Daga kuɗin haya, wanda ba ya zama wuri ɗaya. Albashin ma'aikata da gyara da bashin banki suna nan ko kasuwa ta yi kyau ko ta mutu. A 2011 jirage sun yi wa kaya yawa, haya ta faɗi warwas, sai da Fredriksen ya raba kamfanin biyu kafin ya tsira, aka sake haɗe su a 2015. A farkon 2020 kuwa, da Saudiyya da Rasha suka cika kasuwa da mai, korona ta hana saye, sai aka mayar da jirage rumbun ajiya, hayar VLCC ta haura dala 200,000 a rana. Abin ba daɗin faɗi, amma rikici yakan yi wa masu jirage rana: tun yaƙin Yukiren, man Rasha da ke zuwa Turai a 'yan kwanaki ya koma Indiya da Sin, tafiyar makonni. A 2023 Frontline ya sayi VLCC 24 daga Euronav, wani kamfanin jiragen dakon mai, a kan dala biliyan 2.35.

Babu haɗari?

Akwai. Ranar 13 ga Yuni 2019 aka kai wa jirginsa Front Altair hari a Tekun Oman, ya kama da wuta, amma aka ceto ma'aikatansa 23. Malalar mai ita ce ɗaya fargabar, shi ya sa tun bayan haɗarin jirgin dakon mai na Exxon Valdez a Alaska a 1989 aka koma ƙera jiragen da jiki mai ruɓi biyu.