Ƙwayoyin kitosan a cikin ledar abinci mai ruɓewa

Kitosan sinadari ne da ake samarwa daga kitin, abin da ke sa ɓawon jatan lande da ƙaguwa da fara yin tauri. Wani Bafaranshe, Henri Braconnot, ne ya fara ware kitin daga laimar kwaɗi a 1811. A 1859 kuma Charles Rouget ya dafa shi cikin ruwan fotash mai ƙarfi, ya samu kitosan.

Ana narkar da kitosan a ruwa mai ɗan tsami irin na khal, a riƙa ɗiga masa gishirin TPP (wani gishirin fosfet mai suna tripolyphosphate) ana juyawa, har ya dunƙule ya zama ƙwayoyin da ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Ido ba ya ganin su, sai dai ruwan ya yi fari-fari. Daga nan a gauraya su da dafaffen sitacin rogo ko na masara, a shimfiɗa a faranti, in ya bushe a ɓare shi sirit. Ƙwayoyin suna toshe ƙananan kafofin da ke jikin sitacin, ledar ta ƙara ƙwari, iska da tururi su rage ratsa ta. Suna kuma manne wa jikin ƙwayoyin cuta, domin cajin lantarkinsu kishiyar na kitosan ne, su lalata musu fata. Shi ya sa nama da kifi da mangwaro ke jinkirin lalacewa, fumfuna ma ba ta saurin kamawa.

A yankinmu na Chadi da arewacin Kamaru buƙatar a fili take. Njamena ta hana baƙar leda a 2010, Kamaru kuma ta fara aiki da dokar hana sirarar leda marar ruɓewa a 2014, amma mai ƙosai a Marwa bai samu madadi mai araha ba. Ledar da ba ta ruɓewa na toshe kwata da damina, awaki su haɗiye ta su rame.

Babban raunin ledar kitosan shi ne ruwa: tana jiƙewa ta yi laushi, don haka ta fi dacewa da kilishi da busasshen kifin Tafkin Chadi a kan kunu ko miya. Tana da tsada, kuma yawancin aikin bai fita daga ɗakin gwaji ba. Teku ta yi wa Garwa da Kuseri nisa, amma fara, wadda ake soyawa a sayar a kasuwanninsu, tana da kitin, kuma ya kamata masu bincike na yankin su fara da ita.