Na'urar siraran magudanai mai jera ƙarfin sinadari hawa-hawa

Wannan ƙaramar na'ura ce ta ɗakin gwaje-gwaje, wadda ake haƙa mata magudanai masu faɗin maikiromita goma zuwa ɗaruruwa, kwatankwacin kaurin silin gashi. Aikinta shi ne jera sinadari cikin ruwa ta yadda ƙarfinsa zai riƙa ƙaruwa daga wannan gefe zuwa wancan, ya kuma tsaya a haka na tsawon sa'o'i. Haka abin yake a cikin jiki: fararen ƙwayoyin jini suna gano inda rauni yake ne ta bin inda sinadari ya fi yawa.

Tarihi

Tun wajajen shekarun 1880 Wilhelm Pfeffer, masanin tsirrai ɗan Jamus, ya riƙa cika siririn bututun gilashi da sinadari yana kallon yadda bakteriya ke taruwa a bakinsa. A 1962 Stephen Boyden, a Ostareliya, ya fito da akwati mai ɗaki biyu da matata a tsakani: sinadari a ƙasa, ƙwayoyin halitta a sama, daga baya a ƙirga waɗanda suka ratsa. Har yau ana amfani da shi saboda sauƙinsa, sai dai mai bincike ba ya ganin tafiyar da idonsa, kuma bambancin ƙarfin yana gushewa da kansa. Sally Zigmond ta magance matsalar farko a 1977, da rijiyoyi biyu da wata siririyar gada a tsakaninsu wadda ake kallo ta maikiroskop. Akwatin Dunn, mai irin wannan tsari na gada, ya biyo baya a 1991. Matsala ta biyun kuwa ta ci gaba da ci wa masana tuwo a ƙwarya.

Mafita ta zo daga ɗakin binciken George Whitesides a Jami'ar Harvard ta Amurka, inda a ƙarshen shekarun 1990 aka ƙware wajen zuba wata roba mai laushi da ake kira PDMS a kan mazubi mai zanen magudanan, a ɓanɓaro ta, a manna a kan gilashi. A 2000 Noo Li Jeon da abokan aikinsa suka wallafa tsarin da aka fi sani da bishiyar Kirsimeti.

Yadda take aiki

A magudana mai wannan ƙanƙanta ruwa ba ya hautsinawa. Ruwa biyu sukan tafi kafaɗa da kafaɗa, naso kaɗai ke gauraya su a iyakar da suka haɗu. A tsarin bishiyar, famfon sirinji yana tura ruwa mai sinadari ta ƙofa ɗaya, tsurar ruwa ta ɗayar. Kowane mataki yana raba su, ya haɗa maƙwabta, ya bi da su ta lanƙwasasshiyar hanya har su gauraye sarai, sannan ya sake rabawa da ƙarin reshe ɗaya. A ƙarshe rassan suna zubowa cikin faffaɗar magudana inda ake sa ƙwayoyin halittar, kowanne da nasa ƙarfin, a jere. Idan aka sa rini a gwajin farko, ana ganin launin yana kwaranya daga mai duhu zuwa fari fat. Kumfar iska ɗaya tak da ta maƙale a reshe tana iya lalata jerin duka.

Akwai nau'in da ruwa ba ya gudana a kan ƙwayoyin: magudana biyu a gefe, daskararren agaros, wani abu mai kama da jeli, a tsakani, sinadari ya nasa ta cikinsa. Ya fi dacewa da ƙwayoyin da gudun ruwa ke kwashewa.

Amfani

A 2002 Jeon ya nuna cewa fararen ƙwayoyin jini masu bin sinadarin IL-8 sukan zarce ƙololuwar ƙarfinsa kafin su juyo, abin da akwatin Boyden ba zai taɓa nunawa ba. A 2011 rukunin Robert Austin a Jami'ar Princeton ta Amurka ya ga bakteriyar E. coli ta bijire wa maganin ciprofloxacin cikin sa'o'i 10 a irin wannan jeri. Ana kuma amfani da na'urar wajen nazarin yaɗuwar kansa da tsirowar jijiyoyi.

Masana sun yi saɓani kan dacewar PDMS da gwajin magunguna, domin tana tsotse wasu daga cikinsu.