Gidan yarin da ke jiharku ba na gwamna ba ne

Duk lokacin da aka ji labarin cunkoso a Kurmawa ko Goron Dutse, sai ka ji ana cewa gwamnatin Kano ta bar gidajen yarinta sun lalace. Mutane da yawa sun ɗauka gidan yarin da ke cikin jiha mallakar jihar ne. Ba haka abin yake ba.

Kuskuren yana da asali. A zamanin En'e, wato hukumomin gargajiya, gidajen yari da yawa a Arewa suna hannun sarakuna, har zuwa 1968 da gwamnatin tarayya ta karɓe su. Tun daga nan gandirobobi ma'aikatan tarayya ne, hukumarsu kuma tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. A 2019 aka mayar da ita Hukumar Gyaran Hali. Sai a 2023, da Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki, jihohi suka samu damar kafa nasu.

Amma kada wani gwamna ya fake da wannan. Akasarin waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, kuma kotunan jiha ne suka tura yawancinsu. Wani zai shekara a ciki don takardunsa sun maƙale a ma'aikatar shari'a ta jiha, ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati. Nan ne, a ganina, ya kamata a matsa wa jihohi lamba. Babban alƙalin jiha yana da ikon zagayawa ya sallami wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 212 na tsarin mulki kuma ya ba gwamna ikon yin afuwa kan laifin da ya shafi dokar jiha.