Takardar Widal Ba Ta Isa A Ce Mutum Yana Da Taifot Ba

Kusan kowace safiya sai wani ya shigo ɗakin duba marasa lafiya da 'yar takarda a hannu, ya miƙo mini tun kafin ya zauna, ya ce an gwada shi an ga taifot, allura kawai ta kawo shi. Idan na buɗe sai in tarar gwajin Widal ne, an rubuta 1/80 ko 1/160 an zagaye da jan biro. A makon jiya wata uwa ta kwance tata daga bakin zani, ta ce sau uku ke nan cikin wata biyu ana yi wa 'yarta maganin taifot a kemis, amma zazzaɓin ya ƙi sauka. Bayan hannun yarinyar duk tabon allura ne. Da na ce, "Hajiya, tana kukan zafi idan za ta yi fitsari?" sai ta ce ai tun farko da haka ciwon ya soma. Gwajin fitsari ya nuna cutar a mafitsara take, kuma duk tsawon wata biyun babu wanda ya yi wa wannan baiwar Allah tambayar.

'Yan'uwa, gwajin Widal ba ya ganin ƙwayar taifot, sawunta kawai yake gani. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki tana haɗa wasu sinadarai da za su kama ta, waɗanda muke kira sojojin jiki, su kuwa gwajin yake nema. Ma'aikacin ɗakin gwaji yakan ware ruwan jinin, ya gauraya shi da matattun ƙwayoyin Salmonella, wato ƙwayar da take kawo taifot, idan sojojin suna nan sai haɗin ya yi gudaji kamar kunun da ba a dama da kyau ba. Lambar nan ta 1/160 da take tayar muku da hankali ba adadin ƙwayar cuta ba ce, tana nufin an sirka ruwan jinin ninki 160 amma har yanzu yana gudaji.

Sojojin nan sai ciwo ya kai kusan mako guda suke bayyana, saboda haka mai taifot na gaske yana iya gwadawa da wuri a ce masa babu komai. Idan kuma sun bayyana sukan daɗe a jini bayan an warke, kuma mu da muka taso muna shan ruwan rijiya da na 'yan garuwa, da yawa cikinmu jikinmu ya taɓa karo da ƙwayar ko danginta, har lafiyayyen mutum ma sai ya samu lamba. Zazzaɓin cizon sauro shi ma yana iya ɗaga ta. Wani likitan Faransa mai suna Widal ne ya fito da gwajin a 1896, kuma ƙa'idarsa ita ce a ɗebi jini sau biyu, da tazarar kwana 10 zuwa 14, a ga lambar ta ninka sau huɗu. Wane ne a cikinku ya taɓa komawa gwaji na biyu? Gwajin maleriya na gaggawa ya fi shi kusa da gaskiya, domin a can sojojin a jikin tsinken gwajin suke, suna kama sinadarin ƙwayar kanta.

Abin da yake ɓata mini rai shi ne yadda kuke ɗaukar takardar nan ku wuce kemis kai tsaye. Ba ku ga likita ba, ba a taɓa cikin mara lafiya ba, ba a tambayi kwanakin zazzaɓin ba, sai cipro da allurar ceftriaxone da ƙarin ruwa. Na san tausayi ne da ƙarancin kuɗi suke sa ku, ni ma uwa ce, na san yadda dare yake tsawo idan jikin yaro ya yi zafi. Amma ku daina, don Allah ku daina. Kuna kashe kuɗin a kan ciwon da babu shi, ainihin ciwon kuma, ko tarin fuka ne ko na mafitsara, yana ci gaba da cin jiki.

Yawan shan maganin ba bisa ƙa'ida ba yana koya wa ƙwayar taurin kai. A 2016, a lardin Sindh na Pakistan, an samu ɓarkewar taifot da ta bijire wa kusan duk magungunan da aka saba, har da ceftriaxone ɗin da ake tsira wa yaranmu kamar ruwa. Taifot na gaske kuwa yana iya huda hanji, wanda ya taɓa ganin yaron da aka shiga da shi tiyata cikinsa a kumbure ba zai so ranar da maganin zai daina aiki ba.

Ga abin da nake roƙonku:
- Zazzaɓi ya zo, ku fara ganin ma'aikacin lafiya, shi zai zaɓi gwajin da ya dace.
- A yi gwajin maleriya tun ranar farko.
- Idan ana zargin taifot, ku nemi gwajin kalca, wato renon ƙwayar daga jini, kafin a soma magani. Yana ɗaukar kwanaki.
- Ku zo da kwalayen duk maganin da aka sha.
- Ciki ya kumbura ko ya yi tauri, ko an ga jini a bayan gida, ku nufi babban asibiti a daren, kada ku tsaya neman wata takarda.