Ma'anar "inner city": yadda tsakiyar birni ta zama sunan unguwar talaka da makarantarsa a Amurka

Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina, idan aka ce masa wane ɗan cikin birni ne, ya san abin da ake nufi. Ana maganar asali ne, da gidan sarauta ko gidan malamai, da zuriyar da ta daɗe a cikin ganuwa. Shi ya sa idan mai karatunmu ya ci karo da kalmar "inner city" a labaran Amurka, aka fassara masa ita da tsakiyar birni, zai iya ɗauka wuri ne mai daraja. A bakin Ba'amurke kuwa ma'anarta unguwar talakawa, galibi baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, inda gidaje suka tsufa, ayyukan yi suka gudu, makarantu suka lalace. Unguwannin attajirai da ke tsakiyar Manhattan a New York, ba wanda yake kiransu da wannan suna, ko da yake babu inda ya fi su zama tsakiyar birni. Wato kalmar ba ta da alaƙa da taswira sosai. Lakabi ne da ake amfani da shi idan ana son a ce "talakawa baƙaƙe" ba tare da an furta ba.

Kafin a fahimci gardamar da ake yi kan makarantun waɗannan unguwanni, sai an san yadda aka yi unguwannin suka samu, domin ba daga sama suka faɗo ba.

Tsakanin shekarun 1910 da 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 suka bar jihohin kudancin Amurka, suna gudun wariyar launin fata da kisan gilla da aikin gonar auduga marar riba. Suka nufi Shikago da Detroit da Filadelfiya da Baltimore da New York, inda masana'antu ke neman ma'aikata. Da suka iso, ba ko'ina aka bar su suka zauna ba. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya da ke kula da rancen gidaje ta zana taswirar birane sama da 200, ta shafa jan launi a kan unguwannin da ta ce ba da rance a cikinsu haɗari ne. Kusan duk inda baƙaƙe suke, ja aka shafa masa. Bankuna suka daina ba da rancen saye ko gyaran gida a can. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma gwamnati ta tsaya wa fararen fata suka samu rance mai sauƙi, suka sayi sababbin gidaje a garuruwan da aka gina a gefen birane, aka shimfiɗa musu manyan hanyoyi da za su riƙa shigowa aiki da safe su koma da yamma. Sai a 1968 doka ta hana nuna wariya a sayar da gida ko ba da haya, amma a lokacin aikin gama ya riga ya gama. Masu kuɗi sun fita, masana'antu sun bi bayansu. Detroit da take da mutum wajen miliyan 1.8 a 1950, a ƙidayar 2020 ba ta kai 640,000 ba.

To me ya haɗa gida da makaranta? Nan ne gizo ke saƙa. A Amurka gwamnatin tarayya ba ita ke riƙe da makarantun firamare da sakandare ba, abin da take bayarwa bai cika wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa ba. Sauran jiha ce da ƙaramar hukuma suke raba shi kusan daidai. Ƙasar tana da gundumomin makarantu kimanin 13,000, kowace da hukumarta, kuma kason da gunduma ke tarawa yawancinsa daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Yaro kuma makarantar unguwarsu ake tura shi. Inda gidaje ke da tsada, haraji kaɗan ya isa a tara kuɗi mai yawa. Inda gidaje suka faɗi warwas, ko an tsawwala haraji abin da za a samu bai taka kara ya karya ba.

Wani magidanci a San Antonio ta jihar Texas, Demetrio Rodriguez, ya kai wannan magana kotu tare da wasu iyaye. Gundumarsu ta Edgewood, ta talakawa 'yan asalin Meziko, tana biyan haraji a kan ma'auni mafi girma fiye da maƙwabciyarta Alamo Heights ta masu hali, amma dala 356 take samu kan kowane ɗalibi a shekara, maƙwabciyar kuwa dala 594. A 1973 Kotun Ƙoli ta yanke, alƙalai 5 a kan 4, cewa tsarin mulkin tarayya bai lissafa ilimi cikin haƙƙoƙin da ya wajaba a daidaita ba. Shekara ɗaya bayan haka, a shari'ar Milliken ta Detroit, kotun ta sake yankewa da ƙuri'a 5 a kan 4 cewa ba za a tilasta wa gundumomin gefen birni su haɗa ɗalibansu da na cikin birni ba. Hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantun baƙi da farare yana nan a takarda, amma iyakar gunduma ta zama sabuwar katanga. A ganina waɗannan hukunce-hukunce biyu su ne suka haifi abin da yau ake kira makarantar tsakiyar birni, kuma duk mai gardamar da ya tsallake su ya fara lissafi ne daga tsakiya.

Gardamar kanta ɓangare biyu ce, kuma ta fi shekara 40 ana yin ta.

Ɓangare na farko na cewa talauci ba uzuri ba ne. Suna cewa makarantun nan sun gaza ne saboda an bar malaman da ba su iya aiki ba a cikin aji, ƙungiyoyin malamai kuma sun tsaya musu. Ƙungiyoyin manya ne ƙwarai: NEA tana da mambobi wajen miliyan 3, AFT kuma sama da miliyan 1.5, dukkansu na kusa da jam'iyyar Democrat. Abin da ake zarginsu da shi a fili yake. Malami idan ya yi 'yan shekaru aka tabbatar da shi a aiki, korarsa sai an bi matakai masu cin lokaci da kuɗi. Idan za a rage ma'aikata, a wurare da dama wanda ya shigo a ƙarshe shi ake fara sallama, ko da ya fi kowa ƙwazo. Tsofaffin malamai masu gogewa kuma suna da damar neman canji zuwa makarantu masu sauƙi, sai a bar 'ya'yan talakawa da sababbin shiga da masu riƙon ƙwarya. A New York har an taɓa samun ɗakunan da ake ajiye ɗaruruwan malaman da ake tuhuma da laifi ko gazawa, suna zaune suna karɓar cikakken albashi wata da watanni kafin a saurari shari'arsu, sai a 2010 aka sanar da rufe su. Wannan ba ƙage ba ne, kuma uwar da ɗanta ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba tana da gaskiya idan ta fusata.

Daga wannan tunani aka samu dokar 2002 ta zamanin George W. Bush, wadda ta wajabta jarrabawa kowace shekara tare da hukunta makarantar da ɗalibanta ba su ci gaba ba. Daga nan kuma Michelle Rhee ta fito, wadda ta shugabanci makarantun birnin Washinton daga 2007 zuwa 2010, ta rufe makarantu 23 a shekara guda, ta sallami malamai 241 a tashi ɗaya a 2010. Sai makarantun da ake kira cata, waɗanda gwamnati ke biyan kuɗinsu amma ƙungiya mai zaman kanta ke tafiyar da su bisa yarjejeniya, yawancinsu ba ƙungiyar malamai a ciki. Jihar Minnesota ce ta fara yin dokarsu a 1991. Abin mamaki, cikin waɗanda suka fara tallata ra'ayin a 1988 har da Albert Shanker, shugaban AFT na lokacin, wanda ya so su zama wurin da malamai za su gwada sababbin dabarun koyarwa. Daga baya ya juya musu baya da ya ga inda aka nufa da su. A New Orleans, bayan guguwar Katrina ta 2005, an sallami ma'aikatan makarantu sama da 7,000, aka mai da kusan dukkan makarantun birnin na cata.

Ɓangare na biyu, inda ƙungiyoyin malamai da masu bincike da yawa suke, na cewa an kama bakin zaren a inda ba shi ba ne. Suna komawa ga babban binciken da James Coleman ya jagoranta a 1966 kan ɗalibai kimanin 600,000, wanda ya gano cewa halin gidan da yaro ya fito, da halin yaran da yake zama da su a aji, sun fi tasiri a kan sakamakonsa fiye da ginin makaranta da kayan aikinta. Yaron da ya kwana da yunwa, wanda aka kori iyayensa daga gidan haya sau biyu a shekara ɗaya, wanda ya ji harbin bindiga a layinsu da dare, wanda ya girma a tsohon gida mai fentin da ke ɗauke da gubar dalma, ba daidai yake da ɗan likita ba ranar da suka shiga aji ɗaya. A makarantar talakawa kuma ba yaro ɗaya ne a wannan hali ba, rabin ajin ne ko fiye.

Hujjarsu da ta fi gamsar da ni ita ce wannan: ƙungiyar malaman da ake zargi a cikin birni, irinta ce take a garuruwan masu kuɗi na gefen birni, da irin wannan kariya ta aiki, amma makarantun can ba wanda yake kuka da su. Massachusetts da New Jersey, inda ƙungiyoyin ke da ƙarfi, suna cikin jihohin da ke sahun gaba a jarrabawar auna ɗalibai ta ƙasa. Texas da Jojiya da Karolina ta Arewa kuwa doka ta hana malaman gwamnati zaman cinikin albashi a ƙungiyance, kuma duk da haka 'ya'yan talakawansu na baya da 'ya'yan masu hali. Da ƙungiya ce tushen cutar, da ba haka hoton zai kasance ba. Matsin lambar jarrabawa ma ya haifar da tasa ɓarnar. A Atlanta binciken jiha na 2011 ya gano malamai da shugabannin makarantu 178 da hannu a gyara amsoshin ɗalibai, a 2015 kotu ta samu 11 da laifi. Wanda ya tuna Kaduna ta 2017, lokacin da gwamnati ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar aji huɗu, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018, ya san zafin irin wannan ja-in-ja, ko da yake tarihin da ya haifi ta Amurka daban ne.

Dole dai a faɗi abin da bai yi wa ɓangare na biyu daɗi ba. Kuɗi kaɗai bai isa ba. A Kansas City kotu ta sa an zuba kusan dala biliyan 2 a makarantu daga tsakiyar shekarun 1980, aka yi gine-gine na gani na faɗa, sakamakon ɗalibai bai tashi yadda aka zata ba. A yau ma akwai biranen da suke kashe wa ɗalibi fiye da matsakaicin jiharsu, saboda kotunan jihohi sun tilasta a gyara rabon. Wasu makarantun cata kuma, musamman na Boston da New York, sun nuna cewa ɗan talaka yana iya yin fice idan aka tsawaita masa lokacin karatu aka sa masa ido. Amma wasunsu a Detroit da Ohio sun zama kasuwa, sun karɓi kuɗi sun rufe a tsakiyar shekara sun bar iyaye da neman mafita. Binciken da masana tattalin arziki uku, Jackson da Johnson da Persico, suka wallafa a 2016 ya nuna cewa inda aka ƙara kuɗin makaranta na tsawon shekarun karatun yaro, 'ya'yan talakawa sun ƙara daɗewa a makaranta, sun kuma samu albashi mafi kyau da suka girma. Don haka kuɗi na aiki, idan ya tafi ga rage cunkoson aji da riƙe malamai nagari.

Abin da ke damuna da kalmar "inner city" shi ne tana sa mutum ya ɗauka matsalar ta wani wuri ce can, mai iyaka, da wasu irin mutane. Alhali yanzu talakawan da ke zaune a garuruwan gefen birane sun fi na cikin biranen yawa, masu kuɗi kuma suna dawowa tsofaffin unguwanni suna tsadar da haya har mazauna na asali su tashi. Shi ya sa 'yan jarida da malamai da dama suka fara guje wa kalmar, suna ambaton sunan unguwar da ake magana a kai.

Shikago ta nuna yadda gardamar ta sauya. A Satumban 2012 malamai wajen 26,000 ƙarƙashin shugabar ƙungiyarsu Karen Lewis suka yi yajin aikin da ya rufe makarantu kwana 7, suna adawa da shirin magajin gari Rahm Emanuel na auna malami da sakamakon jarrabawar ɗalibansa. A 2013 birnin ya rufe makarantu kusan 50 a lokaci guda, mafi yawansu a unguwannin baƙaƙe na kudu da yamma, yara suka koma tsallaka layukan da iyayensu ke tsoro kafin su isa sabuwar makaranta. Da malaman suka sake fita yajin aiki a 2019, na kwana 11, buƙatunsu sun wuce albashi. Sun nemi a rage yawan yara a aji, a sa ma'aikaciyar jinya da jami'in jin daɗin jama'a a kowace makaranta, a kuma ɗauki ma'aikata na musamman da za su kula da dubban ɗaliban birnin da ba su da tsayayyen wurin kwana. An rubuta waɗannan a cikin yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yajin.