Haidurojel: ruwan da ake son ɗura wa karyayyen ƙashi

Duk wanda ya taɓa sayen romon ƙafar saniya a Agege ya bar shi ya kwana, ya san abin da zai tarar da safe. Romon ya daskare, yana rawa a kwano, ana yankarsa da cokali, alhali kusan dukansa ruwa ne. To, wannan shi ne haidurojel, ko da mai romon ba ta san sunan ba. Zaruruwa ne da ido ba ya gani, suka sarƙe kamar ragar masunta suka riƙe ruwa a tsakaninsu, wani sa'in fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyin abin. Garin da ke cikin famfas ɗin jarirai, mai kumbura idan ya sha fitsari, danginsa ne.

Ba yau ya shiga aikin likita ba. Tun 1960 wasu masana biyu a birnin Prague, Otto Wichterle da Drahoslav Lim, suka bayyana irin wanda ya dace da jikin mutum, kuma da shi aka fara yin tabarau mai laushi da ake liƙawa a ƙwayar ido. Wani fannin da ake gwada shi a ciki yanzu shi ne maganar ƙashi.

Ƙashi yana da baiwar haɗe kansa, shi ya sa ɗori ke ci. Amma idan ɗan acaba ya faɗi a Oshodi, wani yanki na ƙaurinsa ya dagargaje har aka cire, giɓin ya fi ƙarfin jiki, kuma babu tsinken mai ɗori da zai cike shi. A asibitin ƙashi irin na Igbobi da ke Legas, hanyar da aka fi amincewa da ita ita ce a gutsuro ƙashi daga ƙugun majinyacin a dasa a wurin. Tana aiki, sai dai mutum ya zo da ciwo ɗaya ya kwanta da biyu, kuma ƙugun ba rumbu ba ne da za a yi ta ɗiba.

A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ba su zaɓi sana'a ba tukuna: suna iya zama ƙashi, ko guringuntsi, ko kitse. In aka zuba su haka nan a giɓin, jini ya kwashe su, saura su mutu. Suna bukatar sheƙa. Haidurojel shi ne sheƙar. Ana gauraya su a cikinsa tun yana ruwa, a zuƙa a sirinji, a ɗura a wurin karayar. Nan ya bambanta da romonmu: romo sanyi ke daskarar da shi, amma wasu irin waɗannan ɗumin jiki ne, digiri 37, ke sa su kama. Da yake ruwa ne ya shiga, yana bin kowane lungu na giɓin ba sai an yi babban yanka ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne, sheƙar kanta tana faɗa wa ƙwayar abin da za ta zama. A 2006 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka shuka waɗannan ƙwayoyi a kan shimfiɗu masu tauri daban-daban. Waɗanda ke kan mai laushi suka karkata wajen ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa, na kan matsakaiciya wajen tsoka, na kan mai tauri wajen ƙashi. Kamar yaron da aka kai kasuwar Mile 12 ne, rumfar da aka ajiye shi ita ke koya masa sana'a. Don haka ake ƙara wa sheƙar garin kalsiyam da fosfet, ma'adinin da ke taurara ƙashi, wani lokaci har da sinadarin BMP, mai sa sabon ƙashi ya tsiro, da likita Marshall Urist ya gano aikinsa a 1965. Sannan dole ta narke daidai da yadda sabon ƙashi ke tofowa. In ta yi gaggawa ƙwayoyin su rasa madafa, in ta yi nawa ta tare musu hanya.

Ana yin ta da ciyawar teku, da ɓawon kaguwa da jatan lande, da kuma fatar dabba. Wannan na ƙarshe yakan fito daga saniya ko kifi, yakan kuma fito daga alade, don haka Musulmi yana da damar ya tambaya.

Sai dai kada wani ya ɗauka siminti ne. Abu mai rawa kamar romo ba zai ɗauki nauyin mutum ba, ƙarfe da kusoshi suna nan daram har ƙashin ya yi ƙwari. Yawancin gwajin ma har yanzu a jikin ɓeraye da zomaye da tumaki ake yinsa. Wanda duk ya tare ka a bakin tasha da kwalba yana cewa allurar tsirar da ƙashi ce daga Turai, riƙe kuɗinka ka nufi Igbobi a ɗauki hoton ƙafar.