Tsoffin dalolin azurfa: ga amsa, a daina maimaita mini tambaya

Tambayoyin nan su ne dai kullum, sai mai tambayar ya canza. Na tara su wuri ɗaya, wanda ya sake turo ɗaya daga ciki nan zan nuna masa.

Tawa ta yi baƙi, in goge ta da toka ko lemun tsami ta yi haske?

A'a. Ko da ƙyalle mai laushi kada ka goge ta. Wannan dusashewar da kake kira datti, mai saye kuɗi yake biya a kanta. Toka tana barin ƙananan zane-zane da ba ka gani sai ka karkata tsabar a gaban fitila, kuma ba mai iya mayar da fatar da ka cire. Kamfanonin tantancewa ba sa ba gogaggiyar tsaba lambar daraja, sai su rubuta cewa an wanke ta, farashi ya faɗi. In ka riga ka goge, to ya wuce, azurfarta tana nan. Ka ƙyale sauran.

Mene ne bambancin Morgan da Peace?

Duka dalolin azurfa ne na Amurka. Morgan daga 1878 zuwa 1904, sai kuma 1921, kan mace a gaba, mikiya ta buɗe fukafukai a baya. Peace daga 1921 zuwa 1928, sai 1934 da 1935, mikiyarta a zaune take. Nauyinsu ɗaya, giram 26.73, kashi 90 cikin ɗari azurfa, sauran jan ƙarfe.

Na gaji wata a akwatin kakata, 1780 aka rubuta. Na yi arziki?

Allah ya jiƙan kaka, amma a'a. Wannan ta Mariya Taresa ce ta Ostiriya, wadda fatake suka yi ta shigowa da ita ƙasar Hausa, maƙeran fari suna narkawa su yi mundaye da zobba. Sarauniyar ta rasu a 1780, sai aka ci gaba da buga tsabar da wannan shekarar har zuwa zamaninmu. Kenan shekarar ba ta gaya maka komai game da tsufanta. Ka riƙe ta don kaka.

Wadda ta fi tsufa ta fi tsada, ko?

Wa ya ce? Ƙaranci ke sa tsada, sai lafiyar jikin tsabar. Juya bayan Morgan, duba ƙasan zanen ganyen, saman kalmar DOLLAR, akwai ƙaramin harafi mai nuna garin da aka buga ta. S na San Francisco ne, O na New Orleans, CC na Carson City, D na Denver, in babu harafi Philadelphia ce. Ta 1893 mai S guda 100,000 kacal aka buga, shi ya sa ko ta sha hannu ake rububinta. Ta 1921 kuwa sama da miliyan 80 ce. Kuma yawan bugu ma ba shi ne ƙarshen magana ba: a ƙarƙashin dokar Pittman ta Amurka ta 1918 an narkar da dalolin azurfa fiye da miliyan 270, akasarin azurfar aka sayar wa Birtaniya saboda Indiya. Sai ga ta 1903 mai O, wadda aka ɗauka ta ƙare har sabuwarta ta kai dala 1,500. A ƙarshen 1962 baitulmalin Amurka ya fito da buhunanta, farashin ya zube warwas.

Lambobin nan, MS-63 da sauransu fa?

Ma'aunin Sheldon ne na 1949, na auna lafiyar jikin tsaba, daga 1 zuwa 70. Ƙasa da 60 ta shiga hannun mutane, 60 zuwa sama ba ta taɓa yawo ba, ma'anar MS ke nan.

Gashin da ke saman kunne ya yi sumul, ƙirjin mikiya ba gashi. Ta sha hannu ne, ko haka ta fito? In tura a tantance?

Yauwa, wannan ce tambaya. Amsar ita ce ya danganta, kuma ba zan yanke hukunci daga hoton waya ba, don hoto yana ɓoye abin da ake nema.

Wuraren nan biyu su ne mafi tudu a jikin Morgan, su ke fara cinyewa in ta yi yawo a aljihu. Amma su ne kuma ƙarfe ke kasa cikawa idan injin bai danna da ƙarfi ba, kuma New Orleans ta yi suna wajen raunin bugu, musamman a farkon shekarun 1890. Za ka ga mai O sabuwa fil, ƙirjin mikiyarta sumul kamar tafin hannu.

Abin da nake yi: in kashe sauran fitilu, in bar ƙwan lantarki ɗaya, in riƙe tsabar ta gefe, in riƙa karkata ta a hankali. Sabuwar tsaba tana da wani sheƙi da ke zagayawa a fuskarta yayin da kake juya ta. Bi sheƙin nan da ido har kan kumatu da gashin kunne. In ya ratsa wurin bai yanke ba, mai yiwuwa raunin bugu ne. In ya zo ya mutu, wurin ya yi toka-toka, launinsa ya bambanta da kewaye, to hannu ne, ta sauka zuwa 58 ko ƙasa. Na ce mai yiwuwa, saboda tsabar da aka tsoma a ruwan wanke azurfa tana rasa sheƙi ko'ina, gwajin ya rikice. Sannan kada tabon kumatu ya tsorata ka. A buhuna masu cin dubu-dubu aka adana su, suna karo da juna, don haka tsaba na iya cika da tabo kuma a ba ta 60 ko 61. Sau da yawa ma kyakkyawar 58 ta fi mummunar 61 daɗin kallo, duk da lambar ta ce akasin haka.

Batun turawa kamfanonin tantancewa, PCGS ko NGC, kuwa lissafi ne. Haɗa kuɗin rajista, na tantancewa, na aikawa zuwa da dawowa, da inshora. Idan shekarar gama-gari ce, irin 1921 ko 1881 mai S, da wuya abin ya biya, sai dai in tana da tsabta ta ban mamaki. Idan 1893 mai S ce, ko 1889 mai CC, tura ko da ta sha hannu, domin a nan ba lambar kake saye ba, shaidar cewa ba jabu ba ce. Su ma ƙwararrun suna saɓawa da maki ɗaya, har kamfani ɗaya kan ba tsaba ɗaya lamba biyu a lokuta daban. Ka sa wannan a ranka kafin ka biya.

Yaya zan gane jabu?

Sikeli mai auna giram, maganaɗisu, da abin auna faɗi: milimita 38.1. In ta kama maganaɗisu, jefar. In ba ta kama ba, ba ka tabbatar da komai ba tukuna, jan ƙarfe ma ba ya kamawa. Duba harafin baya da gilashin ƙara girma, ana manna S ko CC a kan tsabar gaske. Kuma don Allah, wanda ya tallata maka 1893 mai S a Facebook a farashin buhun shinkafa, me kake tsammani? Araha ba ta ado.

A ina zan ajiye?

Cikin ƙwanƙon roba mai tauri da aka yi don tsaba, a busasshen wuri. Lallausar leda mai PVC tana barin koren danƙo da ke cin fata. Riƙe ta gefe, ba da yatsa a fuska ba, kuma ba bayan ka ci tuwo ba.

Da wacce zan fara?

Ta gama-gari guda ɗaya wadda aka riga aka tantance, a matakin 63. Ajiye ta kusa da fitila, ka riƙa gwada duk wadda za ka saya da ita.